Suna Linzami: Dalilin da ya sa na naɗa wa na'urorin gidanmu mai unguwa

Da aka ce makon nan ni ne da allo, na san wasu sun zaci maganar gina tauraro zan kawo, ko rikicin nan namu da ba ya ƙarewa na raba kalma da haɗe ta. Ku yi haƙuri, yau maganar rauta ce, wato 'yar na'urar nan da ke raba wa gida intanet. Ra'ayina shi ne duk gidan da marubuci yake ajiye aikinsa a kwamfuta, kuma na'urorin gidan suka wuce uku ko huɗu, ya kamata a ce kowace na'ura tana da sunan da ake kiran ta da shi, kuma wanda ke riƙe da sunayen yana cikin gidan. Ba don burgewa ba. Kuka ne ya koya mini.

Gidanmu a Ƙofar Dawanau gidan yawa ne. Akwai sashen Hajiya, akwai na yayana da iyalinsa, ni kuma ina ɗakin soro. Rauta ɗaya muke haɗa kuɗi mu saka wa data, tana rataye a ƙusa a bakin baranda don ta isa ko'ina. Wayoyi sun haura goma, ga firinta, ga wata tsohuwar kwamfutar cinya da gilashinta ya fashe, wadda na mayar rumbun ajiya. Duk wanda ya yi rubutu a gidan, can yake turawa. Ƙanwata tana cikinsu. Shekarar da ta ƙudura shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wata biyu ta yi tana gyaran labari ɗaya, kullum ta gama ta tura rumbun, don wayarta ba ta da fili kuma ta taɓa yi mata wanka tas. Na rubuta mata lambar kwamfutar a bangon littafinta: 192.168.0.104. Ita take bugawa ta shiga.

Ana gobe za a rufe karɓar labarai, bayan isha'i aka ɗauke wuta, aka dawo da ita. Sai ga ta a ƙofar ɗakina, ido ya yi ja.

"Yaya, labarina ya tafi. Na buga lambar ta fi sau ashirin, babu komai."

Babu abin da ya tafi. Da rautar ta farfaɗo, sai ta sake rabon lambobi kamar yadda ake raba kati a layin asibiti, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Wayar ɗan yayana ta riga farkawa, ta karɓe 104, kwamfutar kuwa aka ba ta 107. Labarin yana nan lafiya lau, taku goma daga inda take tsaye tana kuka. Amma kafin in gano haka mun ci kusan minti arba'in, har Hajiya ta fito tana salati, ta ɗauka rasuwa aka yi. A daren na ce wa kaina, da wannan kwamfuta suna gare ta da ba a yi haka ba.

Ku duba yadda muke a cikin gari. Akwai lambobi a jikin bangon gidaje, wasu da fenti, wasu da allin masu rigakafi, amma wa ya taɓa neman gida da su? Baƙo in ya shigo lungu, yaron da ke bakin zaure yake tambaya, ina ne gidan malam wane mai ɗinki? In yaron bai sani ba ya kai shi wurin babba, in ta faskara a dangana da mai unguwa. Mutum suna yake riƙewa. Na'ura kuwa lamba kaɗai ta sani. Tsarin da ke tsaye tsakanin biyun, ka ba shi suna ya ba ka lamba, shi ake kira DNS.

Da can, lokacin da intanet take jaririya a Amurka, takarda ɗaya ce tal mai suna HOSTS.TXT take ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Wata mata, Elizabeth Feinler, ita da ma'aikatanta a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya suke kula da ita, kowa ya je ya kwafo. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Hikimarsa ita ce babu mai riƙe duka sunayen. A can ƙoli akwai sabobin tushe masu sunaye goma sha uku, daga A zuwa M. Su ba su san inda shafinka yake ba, sun dai san wanda ke riƙe da duk sunan da ya ƙare da .com, da wanda ke riƙe da .ng, wato hukumar NiRA a nan Najeriya. Shi kuma wancan ya tura ka wurin na ƙasa da shi. Hakimi, dagaci, mai unguwa. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda bai yarda suna yana da wannan nauyin ba ya tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na wajen awa shida. Da yawanmu a nan mun yi ta kashe data muna kunnawa, wasu har cire layi suka yi suka goge a riga. Rubuce-rubucenmu suna nan a kwamfutocin kamfanin, ba abin da ya same su. Hanyar zuwa wurin masu faɗin lambarsu ce ta yanke, duniya ta yi ta kiran suna babu mai amsawa. Abin da ya sami ƙanwata ne, sai dai nasu ya fi girma.

To me zai hana mu tambayi waɗancan manyan su riƙe mana sunan rumbunmu? Ba za su iya ba, kuma bai kamata ba. Tun 1994 aka ware wasu lambobi don amfanin cikin gida kawai: masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da wani yanki na 172. Lambar 192.168.0.10 tana gidanmu, tana gidan maƙwabcinmu, tana wani gida a Maraɗi, kamar yadda kowane gida yake da "ɗakin tsakiya". In ka tsaya a Kasuwar Kurmi ka ce a nuna maka ɗakin tsakiya, dariya za a yi maka. Sunan cikin gida, ɗan gida ne ke sanin sa. Shi ya sa ake buƙatar ƙaramin mai unguwa a ciki, mai aiki biyu: in an tambaye shi sunan ɗan gida ya amsa da kansa, in an tambaye shi na waje ya miƙa tambayar gaba, ya kawo amsa, ya kuma riƙe ta na ɗan lokaci don kada a sake aiken sa.

Ga yadda na yi, kuma ban kashe ko sisi ba ban da dare biyu. Na sa wa tsohuwar kwamfutar Linux, na ɗora mata wata 'yar manhaja kyauta mai suna dnsmasq, wadda wani ɗan Birtaniya, Simon Kelley, ya rubuta. Abu na farko, na ba kwamfutar lamba tsayayya da hannu, 192.168.0.10, don mai unguwa ba ya sauya gida kullum. Na biyu, na shiga saitin rautar na kashe mata rabon lambobi, na mayar da aikin hannun dnsmasq. Wannan matakin shi ne mutane suke tsallakewa su sha wahala. In masu rabo biyu suka haɗu a gida ɗaya, wata wayar ta karɓa a nan wata a can, rikicin sai ya fi na da. Wasu rautocin suna barin ka bar musu rabon, ka dai faɗa musu lambar sabon mai riƙe sunaye su sanar wa kowa. Irin ƙananan da ake sayarwa da layi a ciki, da yawansu ba su da wannan gurbin, tamu ma ba ta da shi. Zuciyar saitin ba ta wuce wannan ba:

domain=home.arpa
local=/home.arpa/
host-record=rumbu.home.arpa,192.168.0.10
host-record=tawada.home.arpa,192.168.0.11
dhcp-range=192.168.0.100,192.168.0.200,12h
dhcp-option=option:router,192.168.0.1
no-resolv
server=1.1.1.3

Kada baƙaƙen su tsorata ku. Layi na biyu cewa yake, duk sunan da ya ƙare da home.arpa namu ne, kada a kai shi waje ko da ba a same shi ba. Biyun da ke bi masa sunaye ne, rumbu ita ce kwamfutar, tawada ita ce firintar, wadda ita ma na tsayar mata da lambarta. Sai iyakar lambobin da za a raba wa wayoyi, da nuna musu cewa ƙofar fita waje tana wurin rautar. Na ƙarshe shi ne wanda za a tambaya in sunan na waje ne.

A kan wannan na ƙarshen ina da magana. Wanda ka zaɓa ya riƙa amsa maka sunayen waje yana ganin sunan kowane shafi da gidanku ya nema. Ba ya ganin abin da ka karanta a ciki, amma ya san ƙofar da ka ƙwanƙwasa. In ba ka zaɓa ba, kamfanin layinka ne. Akwai 8.8.8.8 na Google tun 2009, akwai 1.1.1.1 na Cloudflare tun 2018, akwai 9.9.9.9 na Quad9. A 2014, da gwamnatin Turkiyya ta toshe Twitter ta hanyar sunaye, mutane da fenti suka riƙa rubuta 8.8.8.8 a jikin bango. Ni na ɗauki 1.1.1.3 saboda yana ƙin amsa sunayen shafukan batsa da na ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma gidanmu cike yake da yara. Ba katanga ba ce, yaro mai wayo zai haura. Amma ya rage abin da ke faɗowa ba a nema ba.

Yanzu wurin da na fi so mu tsaya, tun da sana'armu kalma ce. Ranar farko ban sa home.arpa ba. Kishin harshe ya ɗebe ni na rubuta rumbu.gida, na ji daɗi har na ɗauki hoto. Ya yi aiki kuwa. Daga baya na cire, ga dalili. Ƙarshen suna irin .com ko .ng ba gonar kowa da kowa ba ce, hukumar ICANN ce ke rabawa, kuma daga 2012 zuwa yau ta saki sababbi fiye da dubu. Abin da ka ƙirƙira yau a ɗakinka, gobe yana iya zama mallakar wani. A Jamus, miliyoyin gidaje suna shiga rautarsu da sunan fritz.box shekara da shekaru, lokacin babu .box a duniya. Da aka buɗe .box ga kowa, a farkon 2024 wani can daban ya yi rajistar sunan, sai ga mutane suna buga sunan rautarsu suna faɗawa shafin baƙo. Ka yi tunanin ƙanwarka ta buga kalmar sirri a irin wannan wurin. Sunayen da aka keɓe don gida, aka yi alkawarin ba za a sayar ba, su ne home.arpa tun 2018, da .internal da ICANN ta ware a 2024. Shi kuwa .local a bar shi, yana da nasa tsarin da firintoci da wayoyi suke gano juna da shi, in ka ɗora naka a kai za su yi ta karo.

Ban ji daɗin rabuwa da .gida ba, ba zan ɓoye ba. Amma gaban sunan namu ne, kuma nan na sha wani darasin. Na so in kira firintar alƙalami. Sai na tarar sunan na'ura, a asalin ƙa'idarsa, baƙaƙen a zuwa z yake karɓa, da lambobi, da karan ɗori. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu 'y. Tun 2003 an fito da hanyar shigar da baƙaƙen wasu harsuna, ana juya su su koma wani rubutu mai farawa da xn--, kuma burauza tana gane shi. Amma firinta da talabijin da tsofaffin wayoyi ba su san da zancen ba. In ka cire lanƙwasar kuma, kun san abin da ke biyo baya. Na taɓa son buɗe wa masu ziyara nasu sashen in kira shi baƙi, sai ya fito baki. Ƙafa ta koma kafa, faɗa ya koma fada. Mu da muke faɗa da juna a nan kullum a kan wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", bai dace mu je mu dasa kuskuren da hannunmu a bangon gidanmu ba. Mafitar da na samu ita ce in zaɓo kalmomin da ba su da lanƙwasa tun asali. Hausa ba ta rasa su ba: rumbu, tawada, zaure, soro, taska, allo, madubi. Rautar ita ce zaure, don ta nan ake fita. Talabijin ɗin yayana madubi. Hajiya da ba ta taɓa riƙe lamba ɗaya ba, yanzu in jikanta zai fitar da aikin makaranta cewa take, "Ka tura wa tawada mana." Rabin awa na yi ina zaɓen waɗannan sunaye, kuma na fi jin daɗinta a kan duk sauran aikin.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa. Wani zai ce, malam, duk wannan wahalar ta mece ce, ga Google Drive, ga tura wa kai a WhatsApp? Gaskiyarsa rabi. Ni ma ina ajiye kwafi a can, kuma duk wanda ba ya yi ya fara yau, don rumbun cikin gida ba ya tsira daga gobara ko ɓarawo ko ruwan Agusta. Amma na waje ba ya isa shi kaɗai. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi kwanaki ana jan ƙafa, bankuna ma suka ji a jikinsu. Waɗanda suka zuba littattafansu a OkadaBooks sun ga yadda aka rufe shi a ƙarshen Nuwamban 2023. Ban da ranakun da data ke ƙarewa ana tsakiyar wata, musamman tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025. A duk irin waɗannan ranaku, rumbu.home.arpa yana amsawa, domin tambayar ba ta ko leƙa zaure. Kwamfuta biyu a ɗaki ɗaya, a ce sai sun aika Legas ko Turai kafin su gane juna, wannan bai yi mini tsari ba.

Wani kuma zai ce shi waya ɗaya gare shi da 'yar na'urar aljihu. Kai kam ba da kai nake ba, kada ka wahalar da kanka. Mai kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya ma, ya isa ya shiga rautarsa ya ɗaure wa firintar lamba, ya rubuta sunanta a fayil ɗin hosts na kwamfutarsa, jikan waccan takarda ta Feinler da har yau yake cikin kowace kwamfuta. Magana ta masu gidan yawa ce, da masu shagon buga takardu, da ƙungiyoyin da ke da ɗan ofis da kwamfuta uku.

Akwai masu ƙara Pi-hole a kan wannan tsari, manhajar da ke ƙin amsa sunayen masu talla don data ta yi auki. Tana aiki, na gwada. Amma ku tuna shafukan Hausa da muke karanta labarai da littattafai kyauta a cikinsu, da yawansu da tallan nan suke sayen data su ma. Ni na buɗe wa waɗanda nake karantawa. Kowa ya yi shawara da zuciyarsa.

Ba zan rufe ba sai na faɗi inda abin ya cije ni, don kada wani ya ce na yaudare shi. Ranar da ka naɗa mai unguwa, ka ɗora wa gidan gaba ɗaya a wuyansa. Sati uku da gama aikin, batirin tsohuwar kwamfutar ya ƙare da rana ina wurin aiki. Rautar tana kunne a kan sola, data tana nan, amma babu mai amsa suna, babu mai raba lamba. Gida ya ɗauka intanet ta mutu. Hajiya tana tsakiyar sauraron tafsiri abin ya tsaya. Da na dawo, yayana ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Kai da ka ce gyara ka yi?" Ba ni da ta cewa. Washegari na mayar da kwamfutar kan layin solar tare da rautar, na kashe mata barcin da take yi in an rufe murfi, na kuma rubuta a takarda na manna a jikin bango yadda za a mayar wa rautar rabon lambobinta in ba na nan. Mai hali ya sayi Raspberry Pi, 'yar kwamfuta kamar tafin hannu da cajar waya ke riƙewa, ko ya nemi rautar da ke ɗaukar OpenWrt, wadda dnsmasq yake cikinta tun asali, ya huta da na'ura biyu.

Na yi tunanin sa 8.8.8.8 a matsayin na biyu, don in namu ya faɗi a koma can. Na gwada, na cire. Wayoyi ba sa jiran na farko ya mutu kafin su tambayi na biyu, wani lokacin haka kawai suke tsallakawa, shi kuma na wajen bai san rumbu ba, sai ya ce babu. Sunan ya yi aiki da safe, ya ƙi da yamma, ka rasa dalili. Haka nan wayoyin Android daga na 9 zuwa sama suna da wani saiti na DNS mai zaman kansa. In an rubuta masa sunan wani na waje, wayar ba za ta ko kalli na gida ba. Wayar matar yayana ta ci mini yini guda kafin in gano wani mai gyara ne ya saka mata shi don toshe talla. In suna ya ƙi a waya ɗaya kawai, nan za ku fara dubawa, sannan ku duba ko VPN a kunne yake.

Ƙanwata ba ta ci gasar ba a waccan shekarar, amma labarin ya shiga a kan lokaci, kuma yanzu tana kan babi na tara na littafinta na farko. Na goge lambar da ke bangon littafin nata da biro, na rubuta rumbu a ƙasa. Wanda ya gwada ya maƙale, ya rubuto irin rautarsa da abin da ya gani a nan ƙasa, zan duba bayan la'asar in sha Allah. Wanda kuma ya san kalmar da ta fi "tawada" dacewa da firinta, marar lanƙwasa, ina jira, don ƙanwata ta ce tawada ruwa ce, ba na'ura ba, kuma har yau ban sami amsar ba ta ba.